Yadda Za Ki Ɗanɗana Kunun Zaƙinki Kafin Sukari da Ƙanƙara Su Rufe Aibinsa

Yawancin masu dama kunun zaƙi ba sa kai shi baki sai bayan sun zuba sukari, wasu ma sai ya shiga firji ya yi sanyi ƙarara. A lokacin nan harshe ba zai gaya maki gaskiya ba. Sukari yana rufe tsamin da ya wuce kima, yana rufe gafin ƙullun da bai dahu ba, sanyi kuma yana danne ƙamshi, mai daɗi da marar daɗi gaba ɗaya. Sai an kai kunun gidan suna ya huce a cikin kula, ko ya isa hannun mai saye, sannan aibin ya fito, alhali damar gyara ta wuce. Don haka, uwargida, ɗanɗanon da za ki dogara da shi shi ne na safiyar tata: kunu zallarsa, ba sukari, ba ƙanƙara.

Kafin mu je ga kofi, ya kamata ki san abin da ya faru a cikin robar nan da ta kwana a rufe. Kin jiƙa gero ko dawa, kin markaɗa da citta da kanumfari da masoro, kin raba ƙullun biyu. Babban kaso kin sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kason kin bar shi ɗanye, a cikinsa ne busasshen dankalin Hausa yake, ko tsiron shinkafa ko na dawa. Da kika haɗa su, aiki biyu ne suka kama. Dankali da tsiro suna ɗauke da wani sinadari da ake kira amiles, wanda yake daddatsa sitacin da ya dahu ya mayar da shi sukari. Shi ya sa kunun da kika rufe da kauri da daddare kike samunsa da safe ya saki jiki ya yi zaƙi, ba ki sa masa komai ba. Bayan zafin ya sauka kuma, wasu ƙwayoyin bakteriya, dangin waɗanda suke mayar da madara nono, sai su ci wani ɓangare na sukarin su bar tsami. Kunu mai kyau shi ne wanda aka tace a daidai gaɓar da zaƙin da tsamin suka riƙe juna. Duk abin da za ki ji a kofi, daga ɗayan waɗannan matakai ya fito, kuma aikinki shi ne ki bi sawunsa ki gano daga wanne.

Shiri

Ki samu kofin gilashi fari, wanda ake ganin cikinsa, ki ɗauraye shi sosai har ƙamshin sabulu ya fita. Ki ajiye ruwan sha kusa da ke don kurkure baki. Kada ki ɗanɗana bayan cin goro ko goge baki da man goge haƙori, kuma ki fita daga madafa idan akwai hayaƙi ko ƙamshin miya. Ranar tata ba ranar humra da turaren wuta ba ce, sai bayan kin gama. Hancin da ya cika da turare ba zai kama warin bashi ba. Ki juya kunun da ludayi tun daga ƙasan roba kafin ki ɗiba, domin na sama daban ne da na ƙasa.

Ido

Ki ɗaga kofin wajen haske. Launi ya danganta da hatsin da kika yi amfani da shi, saboda haka ki auna shi da asalinsa: gero yana ba da fari mai toka-toka, farafara ta fi shi haske, kaura tana ja zuwa rawaya, jar dawa kuma ruwan ƙasa mai ja-ja. Abin dubawa shi ne ko ya dushe ya yi duhun da ba ki saba gani ba a irin wannan hatsin. Sau da yawa hakan daga dankalin da ya yi baƙi wajen shanya yake zuwa, ko daga tukunyar ƙarfe mai tsatsa.

Ki karkata kofin ki mayar. Kunu mai jiki yana barin siririn shafe a bangon gilashi, ya gangaro a hankali. Idan ya zube kamar ruwa bai bar komai ba, ruwan tata ya yi yawa. Sai ki ajiye kofin minti 10 ba tare da kin taɓa ba. Kwantawa kaɗan dole ne, kowane kunun zaƙi sai an girgiza. Amma idan kika ga ruwa garau a sama, gari ya taru jingim a ƙasa cikin ɗan wannan lokaci, to ko ɗanyen kason ya yi yawa, ko ruwan da kika sheƙa bai kai tafasa ba, ƙullun bai dahu ba.

Abu biyu ne a nan ba a yi musu sassauci. Ki ɗaga ludayi ki tsiyayo: idan kunun ya biyo da zare yana yauƙi, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun shiga, zubarwa ne kawai maganinsa. Na biyu kumfa. Kumfar juyawa takan mutu nan da nan. Wadda take tasowa da kanta daga ƙasan kofi, ƙanana-ƙanana ba ta tsayawa, maganarta daban ce, za mu zo gare ta.

Hanci

A nan ne ya kamata ki fi daɗewa, domin hanci yana riga harshe kama ɓarna. Ki rufe bakin kofin da ƙaramin faranti, ki ɗan jujjuya, ki buɗe ki shaƙa gajeru-gajeru sau biyu ko uku. Kada ki ja dogon numfashi, hanci yana saurin sabawa da wari ya daina jinsa. Idan ya gaji ki kau da kai ki shaƙi iska, ki dawo.

Abin da ake so shi ne ƙamshin hatsi ya fara zuwa, citta ta biyo baya, sai ɗan tsami mai tsabta irin na sabon nono. Kanumfari ya kasance daga nesa. Idan shi ne ya fara tarbarki, ya yi yawa, kuma a baki zai kashe maki harshe, domin man da ke cikinsa mai dusashe jin zafi ne, shi ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo. Kanumfari biyar ko shida na iya sauya tukunya guda, sai a kula.

Warin bashi daga jiƙo yake zuwa. Hatsin da ya daɗe a ruwa ɗaya ba a sauya ba, musamman da bazara, yana fara ruɓa tun kafin a kai shi inji, kuma tafasasshen ruwa ba ya kore wannan warin. Magani a karo na gaba shi ne a rage awannin jiƙo, a sauya ruwa, a wanke hatsin tas kafin markaɗe.

Warin fumfuna ko na ɗaki mai rima ya fi bashi haɗari. Yana nuna hatsin ko dankalin ya yi danshi a ajiya. Wasu nau'o'in fumfunar hatsi suna fitar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda take cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Irin wannan kunun kada ki ba yara, kada ki sayar, kuma ki koma ki duba buhun da kika ɗebo. Idan za ki sayi hatsi, ko a Dawanau ne ko a kasuwar ƙauyenku, ki tura hannu can cikin buhu ki ɗebo ki sansana kafin a auna.

Akwai kuma warin da ba laifin hannunki ba ne kai tsaye. Injin markaɗen unguwa yana niƙa tattasai da albasa da waken ƙosai, idan ba a ɗauraye shi sosai ba kafin a zuba geronki, za ki ji su a kunu, ko da ba ki gane mene ne ba da farko. Wani lokaci ma ƙarni-ƙarnin ƙarfe ko na man inji ne. Ki riƙa tafiya da ruwanki a wanke injin a gabanki, ko ki je da sassafe kafin layi ya taru. Haka jarkar da ta taɓa ɗaukar manja ko kalanzir, roba ba ta mantuwa da abin da aka zuba mata. Ƙauri kuma sananne ne, gindin tukunya ne ya kama ga masu ɗora ƙullun a wuta maimakon sheƙa masa ruwa.

Baki

Ki kurɓi kaɗan, ki bar shi ya zagaya bakinki na ɗan lokaci, ki haɗiye, sannan ki fitar da numfashi ta hanci baki a rufe. Kada ki nemi komai da komai a kurɓa ɗaya. Kowace kurɓa da tambayarta, kuma ki kurkure baki a tsakani.

Kurɓar farko ta zaƙi ce. Zaƙin tsiro da dankali ba ya dukan harshe kamar na sukari, a hankali yake zuwa, yana tafe da gardi. Idan kin ji shi, aikin dare ya yi. Idan kuwa kunun lami ne, ga shi da kauri har yanzu kamar koko, sinadarin nan bai yi aiki ba, kuma dalilin da ya fi yawa shi ne gaggawa: an juye ɗanyen kason a kan dafaffen yana tururi. Zafin da ya haura digiri 75 zuwa 80 yana kashe sinadarin, shi ke nan babu mai tsinka sitaci. Inda ya fi jin daɗin aiki shi ne tsakanin digiri 55 da 65, wato kunun da zafinsa sosai amma tururin ya lafa. Mai sana'a da take dama mudu da yawa kullum, ƙaramin ma'aunin zafi na kicin zai biya kuɗinsa cikin 'yan kwanaki. Akasin haka ma yana faruwa da hunturu, ko a wuri mai sanyi irin Jos: a bar dafaffen ya huce sarai kafin a haɗa, ko roba ta kwana a tsakar gida iska na dukanta, sai aikin ya yi nawa. A nan lulluɓe robar da bargo ya wadatar. Idan zafin daidai ne amma zaƙi bai zo ba, sai ki tuhumi dankalin ko tsiron, ko sun tsufa ko sun yi kaɗan.

Kurɓa ta biyu ta tsami ce. Tsami mai kyau yana da laushi, yana tsinka yawu, yana sa ki so ƙari. Wanda ya sa kika yamutsa fuska, ko ya kartar maki maƙogwaro ya hau hanci kamar ruwan khal, ya wuce wuri. Na farkon alamar an makara wajen tata ne, na biyun kuma alamar kunun ya daɗe a buɗe iska na shigarsa bayan ya fara juyawa. Idan babu tsami ko kaɗan, zaƙi ne kawai salam, to an yi saurin tacewa. Wannan ma aibi ne, domin tsamin nan yana daga cikin abin da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa a kunu. Masu son tabbatarwa da ido suna iya amfani da 'yar takardar gwajin tsami da ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji. Kunun da ya yi daidai yakan nuna wajen lamba 4.

Kurɓa ta uku ta jiki ce. Ki matsa harshe a ganɗa. Santsi ake so. Idan kin ji tsaki-tsaki, ƙyallen tatar ya yi faɗin ido ko ya huje. Idan kin ji gari-gari yana manne wa haƙora tare da gafi, ɗanyen ƙullu ne ya rinjayi dafaffe. Idan bakinki ya bushe ya ɗaure kamar kin ci ɗanyar kanya, wannan bauri ne, kuma daga bayan jar dawa yake fitowa idan surfe bai yi ba. Ɗan bauri kaɗan a kunun dawa ba laifi ba ne, wasu ma shi suke so, amma kada ya zama shi ne abin da ya rage a baki.

Ɗaci yana bukatar a tsaya a kansa. Dankalin da ƙwaro ya huda ko ya yi baƙin tabo yana da ɗaci, kuma yanka ɗaya yana iya ɓata roba guda, don haka ki tsince shi kafin jiƙawa. Idan kuma tsiron dawa kike sawa, ki tabbata bayan ya bushe kin murje saiwoyin da 'yan kunnuwan da suka fito kin sheƙe su. A cikinsu ne ɗacin yake, kuma suna ɗauke da irin gubar nan da ta sa makiyaya ba sa barin dabba ta ci sabuwar dawa mai tasowa.

Daga ƙarshe sai yaji da abin da ya saura. Citta da masoro ɗuminsu a maƙogwaro yake sauka bayan haɗiya, kuma haka ake so, su zo bayan hatsi ya gama magana. Barkono shi gaban baki da leɓe yake kamawa. Idan shi ne kika fara ji, ki rage. Bayan kin haɗiye ki dakata kamar rabin minti ba ki sha ruwa ba. Kunu mai kyau yana barin gardin hatsi da ɗumin citta. Idan abin da ya saura ɗanɗanon ƙarfe ne, ki duba tukunya da inji. A kunun saye kuwa, ɗaci mai ƙarfe-ƙarfe da ke biyo bayan zaƙi mai kaifi yawanci sakarin ne, wanda ya fi sukari zaƙi kusan sau 300, shi ya sa wasu masu sayarwa suke fakewa da shi. Ni dai ban ga ribar da ke cikinsa ba, domin mai saye yana ganewa ko bai faɗa ba.

Iyakar da ke tsakanin tsami da giya

Bayan bakteriyar tsami akwai wani mai jiran sukarin, wato yis, wanda yake kan hatsi da cikin iska da jikin robar da ba a wanke da kyau ba. Shi idan ya ci sukari iskar gas yake fitarwa da barasa. Masu burukutu a Filato da Kudancin Kaduna da gangan suke ba shi dama a kan tsiron dawa, har su zuba masa ragowar tsohon dahuwa don ya kama da wuri. Mai kunun zaƙi kuwa aikinta shi ne ta tsaya kafin a kai can, kuma wajibi ne ta san alamomin.

Su ne kumfar nan mai tasowa da kanta, da ƙamshi irin na kwaɓin burodi ko fanke da ya tashi, da ɗan tsikari a kan harshe kamar na lemon kwalba, sannan zaƙin da kika ji da safe ya ragu ba tare da an ƙara ruwa ba. A gora kuma za ki ji ta yi tauri ta kumbura, idan an murɗa murfin ta yi huci. Gas shi kaɗai ba hujja ba ne, domin wasu daga cikin bakteriyar tsami ma suna fitar da shi. Amma idan alamomin suka haɗu biyu ko uku, kunun ya juya. Kada ki ƙara masa sukari don ki ɓoye, abinci kika ƙara wa yis ɗin. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a shayar ko a zubar. Kunun zaƙi ba ya kai wannan tsawon. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40, wanda aka sa wa sukari aka ɗura a gora ba firji da wuya ya wuce yini guda lafiya.

Sai yanzu sukari

Idan kunun ya tsallake duk wannan, ki auna sukarinsa a ƙaramin kofi kafin ki taɓa babbar roba. Ki zuba mililita 200 a kowane ɗaya daga kofi uku, ki sa ƙaramin cokali ɗaya a na farko, biyu a na biyu, uku a na uku. Ƙaramin cokalin da aka shafe bakinsa yana ɗaukar kusan giram 4. Ki sanyaya su kamar yadda za a sha, sannan ki ɗanɗana daga mai ƙarancin sukari zuwa sama, domin sanyi yana rage jin zaƙi, wanda ya yi daidai da ɗumi zai iya zama lami daga firji. Idan na biyu ne ya yi maki, lissafin giram 40 ne a lita, wato giram 400 a lita 10. Wanda za ki zaɓa shi ne wanda har yanzu kike jin hatsi da ɗan tsami a bayan zaƙin.

Ruwan tata da ƙanƙara suna cikin abubuwan da ke shiga kunu ba su ga wuta ba, kuma ta nan ciwon ciki da amai da gudawa suka fi samun ƙofa. Ki tace da ruwan da aka tafasa ya huce. Ƙanƙara kuma a jera gorori a cikinta, kada a jefa ta cikin kunu, ga tsinka shi da take yi, ga ruwan da ba ki san asalinsa ba.

Idan kin sauya wani abu a haɗinki, misali tsiron shinkafa a madadin dankali, ko maiwa a madadin gero, kina son sanin ko an ji bambanci, kada ki tambayi mutanen gida ko ya yi daɗi. Kara ba za ta bari su ce a'a ba. Ki yi abin da masana'antun abinci suke yi: kofi uku iri ɗaya, biyu daga tsohon haɗi, ɗaya daga sabo, ki jera ba tare da mai sha ya ga zubawar ba, ki ce ya fitar da wanda ya bambanta. Mai cinta kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, saboda haka ki gwada da mutane da dama, kowa shi kaɗai. Idan mafi yawansu suka nuna kofin da ya dace, sannan ki tambaya: wanne ya fi tsami, wanne ya fi kauri, wanne za ki saya? Abu ɗaya kawai za ki riƙa sauyawa a kowane damu, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aikin ba.

Ki ware ɗan littafi ki riƙa rubuta mudu nawa, dankali nawa, ƙarfe nawa kika jiƙa, ƙarfe nawa kika haɗa, ƙarfe nawa kika tace, da yanayin garin ranar. Ki kuma ajiye gora biyu daga kowane damu, ɗaya a firji ɗaya a ɗaki, ki buɗe su da azahar da la'asar da magariba ki bi su da ido da hanci da baki kamar yadda kika yi da safe. Ta haka za ki san awa nawa kununki yake ɗauka a bazara da damina da hunturu, ki san abin da za ki gaya wa mai oda idan ta ce za a kai shi biki wani gari, da abin da zai faru idan aka ɗauke wuta.

Da azumi lamarin yana ɗan sauyawa, tunda tatar da rana take kamawa, kuma malamanmu na Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci. Ido da hanci za su yi maki mafi yawan aikin, sukari kuma ki bi awon da ke littafinki. Ki sa wata da ba ta azumi ko yaro mai wayo ya kurɓa, ki yi masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: akwai zaƙi, akwai ɗaci, yana tsikarin harshe? Sannan ki ɗebi kofi ɗaya marar sukari ki sa a firji. Bayan an sha ruwa, ki kurkure baki sosai don zaƙin dabino ya fita, ki bar kofin ya ɗan saki sanyi, ki ɗanɗana ki rubuta abin da za ki gyara a damun gobe.